Salsalar Doka: Tarihin Kafa Dokoki a Jihohin Arewacin Nijeriya da Matsalar Harshe ga Mai Bincike

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya buɗe kundin dokokin wata jiha ya karanta wani sashe, ƙarshen zance ya tarar. Kafin wannan sashe ya sami shiga kundi, an yi koke, an kafa kwamiti, an rubuta daftari, an tafka muhawara, an soke wata kalma an sa wata a gurbinta, sa'an nan mai mulki ya sa hannu. Wannan doguwar tafiya ita ake nufi da tarihin kafa doka. Masana shari'a kan bi ta domin su gano abin da masu doka suka nufa, masana tarihi kuwa domin su gano halin da al'umma take ciki lokacin da aka yi ta.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin yadda aka riƙa kafa dokoki a arewacin Nijeriya daga 1900 zuwa zamanin majalisun jihohi, ta nuna irin takardun da kowane zamani ya bari, da inda mai bincike zai neme su. Abin da maƙalar take son tabbatarwa shi ne, wannan bincike ba ya kammala sai da sanin harshe. Dalili kuwa, yawancin dokokin wannan yanki da Turanci aka rubuta su, da Hausa aka yi muhawarar wasunsu, wasu kuma tushensu yana cikin littattafan fiƙihu na Larabci. Wanda ya riƙe harshe ɗaya daga cikin ukun nan, kashi ɗaya na labarin ya riƙe. An ɗauki kundin hukunta laifuffuka na 1959, wanda Hausawa suke kira Final Kod, a matsayin babban misali.

2.0 Masu Kafa Doka Daga 1900 Zuwa 1966

2.1 Zamanin Shela da Odinans

A ranar 1 ga Janairu, 1900, Ingila ta karɓi ragamar yankin da ta kira Arewacin Nijeriya daga hannun kamfanin Royal Niger, ta ɗora Frederick Lugard a kai. A wannan zamani babu majalisa. Doka ita ce shelar da shugaban Turawa ya sa wa hannu aka buga a gazet, wato jaridar gwamnati mai ɗauke da dokoki da sanarwa. Ta wannan hanya aka kafa dokar kotunan gargajiya a 1900 da 1906, da dokar filaye ta 1910, da kundin laifuffuka na 1904 wanda aka kwaikwayo daga na jihar Kwinsland ta Ostareliya na 1899. Bayan haɗe Kudu da Arewa a 1914, aka shimfiɗa wannan kundi a kan ƙasar baki ɗaya a 1916. Har ila yau, kotunan Turawa sun zo da dokokin gama-gari da suke aiki a Ingila a ranar 1 ga Janairu, 1900, abin da ya sa salsalar wasu dokokinmu take kai mai bincike har majalisar Landan.

Tsarin mulkin Clifford na 1922 ya kafa majalisar dokoki a Legas, amma ikonta bai haɗa da lardunan Arewa ba. Gwamna shi kaɗai ya ci gaba da yi wa Arewa doka, wadda a lokacin ake kira odinans. Ke nan, daga 1900 har zuwa 1946 babu wata muhawarar majalisa da za a nema game da dokokin da suka keɓanci Arewa. Tarihin irin waɗannan dokoki yana cikin wasiƙun da suka gudana tsakanin Gwamna da Ofishin Mulkin Mallaka na Landan, da rahotannin razdan-razdan, da bayanan tarurrukan razdanoni da sarakuna. Mafi yawan waɗanda suka rage a ƙasar nan suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, ɗaya daga cikin manyan rassa uku na hukumar da aka kafa a 1954 bisa ƙoƙarin Kenneth Dike. Sauran biyun suna Ibadan da Inugu.

2.2 Majalisun Kaduna

Tsarin mulkin Richards, wanda ya fara aiki a Janairun 1947, shi ya haifar da majalisu biyu a Kaduna: Majalisar Sarakuna da Majalisar Wakilai. Da farko aikinsu bai wuce duba ƙudurori da kasafin kuɗi su ba da shawara ba. Tsarin Macpherson na 1951 ya ba su ikon yin doka, na Lyttelton na 1954 ya ƙarfafa wannan iko a ƙarƙashin tsarin tarayya, sa'an nan Jihar Arewa ta sami mulkin kai a ranar 15 ga Maris, 1959. Daga wannan zamani ne mai bincike yake fara samun cikakkun takardun majalisa: ƙudurin da aka buga a gazet, da taƙaitaccen rahoton zaman kowace rana, da hansad, wato littafin da ake rubuta jawaban 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya. Sunan ya samo asali ne daga Thomas Hansard, mai maɗaba'ar da ta riƙa buga muhawarar majalisar Ingila a farkon ƙarni na 19.

Abin da ya bambanta majalisun Kaduna da na Ibadan da Inugu shi ne harshe. Tsarin mulkin Jihar Arewa ya amince da Turanci da Hausa a matsayin harsunan gudanar da aikin majalisa, amma idan aka sami saɓani tsakanin nassin doka na Turanci da na Hausa, na Turanci ne abin riƙo. Sarakuna da wakilai da yawa da Hausa suka yi jawabansu, tafintoci suna juyawa. Saboda haka, wanda ya ɗauki hansad na Turanci na waɗannan shekaru ya karanta jawabin irin waɗannan mutane, ya sani cewa maganar tafinta yake karantawa. Karin magana, da habaici, da kalmomin girmamawa da talaka ko ɗan majalisa yake sakaya suka a cikinsu, su ne abubuwan da suka fi saurin zubewa a hanyar fassara. Maganin wannan shi ne a gwama hansad da rahotannin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939, domin ita da Hausa ta kai wa jama'a labarin majalisa.

3.0 Final Kod: Yadda Ake Bin Salsalar Doka Guda

Idan aka duba kundin Dokokin Arewacin Nijeriya bugun 1963, za a tarar da Final Kod a babi na 89, dokar tsarin shari'ar laifuffuka kuma a babi na 30. Kundin bai faɗi dalilin yin su ba. Dalilin yana warwatse a wurare aƙalla biyar.

Wuri na farko shi ne rahotannin kotu. A 1947 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta saurari shari'ar Tsofo Gubba da En'en Gwandu. Kotun sarki ta yanke masa hukuncin kisa bisa mazhabar Malikiyya, wadda ba ta ɗauki tsokana a matsayin uzurin da zai sauke ƙisasi ba. Kotun Turawa ta ce tun da laifin yana cikin kundin laifuffuka, kuma a can kisan da aka yi cikin zafin tsokana ba ya jawo hukuncin kisa, to ba za a kashe shi ba. Wannan hukunci ya girgiza alƙalai da sarakuna, ya jawo gyare-gyaren dokar kotunan gargajiya a 1948 da 1951, har zuwa sabuwar doka a 1956. Duk da haka rikicin bai kwanta ba, domin makomar mutum ta dogara ne ga irin kotun da aka kai shi.

Wuri na biyu shi ne rahotannin hukumomi. Hukumar Willink, wadda ta binciki koke-koken ƙananan ƙabilu a 1957 da 1958, ta ji ƙorafin waɗanda ba Musulmi ba game da kotunan alƙalai. Gwamnatin Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ta aika da wakilai Libiya da Pakistan da Sudan su ga yadda ƙasashen Musulmi masu jama'a iri-iri suka tsara shari'arsu. A 1958 ta gayyato kwamitin masana shari'a na mutum shida: Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan, shi ne shugaba, sai Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Farfesa J.N.D. Anderson na Jami'ar Landan. Da Shettima Kashim, Wazirin Borno. Da Peter Achimugu. Da Malam Musa, Babban Alƙalin Bida. Kwamitin ya ba da shawarar a yi kundi guda na laifuffuka wanda zai hau kan kowa, a bar wa shari'ar Musulunci al'amuran aure da gado da makamantansu. Kwamitin ya sake dawowa a 1962 domin ya ga yadda aikin yake tafiya.

Wuri na uku shi ne asalin nassin. An ɗauko daftarin ne daga kundin laifuffuka na Sudan, wanda shi kuma ya samo tushe daga na Indiya na 1860, wanda Thomas Macaulay ya jagoranci tsara daftarinsa. Wannan ne ya sa lauyoyi a Kaduna da Kano da Jos suke dogara da sharhin malaman shari'a na Indiya wajen fassara wasu sassa. Salsalar ke nan: daga Indiya zuwa Sudan, daga Sudan zuwa Kaduna.

Wuri na huɗu shi ne tattaunawar da aka yi kafin a kai ƙudurin majalisa. An ba wani kwamitin malamai ƙarƙashin Malam Junaidu, Wazirin Sakkwato, daftarin, suka bi shi sashe-sashe suna auna shi da fiƙihu. Sawun wannan sasantawa yana nan a cikin kundin: sashe na 387 da na 388 a kan zina, da na 403 a kan shan giya ga Musulmi, da na 68 wanda ya tanadi bulalar haddi. Wanda bai san tarihin ba zai yi mamakin ganin waɗannan sassa a cikin kundin da asalinsa daga Macaulay yake.

Wuri na biyar shi ne majalisa da gazet. Majalisun Kaduna sun zartar da dokar a 1959, amma ba ta fara aiki ba sai ranar 30 ga Satumba, 1960, jajibirin samun 'yancin kai. Har ila yau, akwai laifuffukan da ba su cikin ikon jiha, kamar cin amanar ƙasa, waɗanda majalisar tarayya ta yi wa doka ta dabam a 1960 domin a cike giɓin. Wanda ya karanta dokar jiha kaɗai ya bar ta tarayya, kundin da yake hannunsa bai cika ba.

A nan ne maganar harshe ta fi fitowa fili. Alƙalan da za su yi aiki da sabon kundin da Larabci suka yi karatu, Risala da Mukhtasar da Tuhfa su ne madogararsu, da Hausa kuma suke shari'a. Sai da aka fassara kundin da Hausa, aka kuma shirya musu kwasa-kwasai a Makarantar Koyon Sha'anin Mulki ta Zariya. Da farko ma doka ba ta ɗaure kotunan gargajiya da kowane harafi na sabon tsarin ba. Cewa ta yi ya zama musu jagora. Bambancin da ke tsakanin jagora da ɗauri, kalmomi biyu kacal, shi ne ginshiƙin sasantawar baki ɗaya. Haka kuma, Malikiyya ta kasa kisan kai kashi biyu, na ganganci da na kuskure, alhali Final Kod ya kasa shi ta wata fuska: wanda hukuncinsa kisa ne a sashe na 221, da wanda hukuncinsa bai kai kisa ba a sashe na 222. Duk kalmar Hausa da mai fassara ya zaɓa a nan, ta riga ta sha ruwan fiƙihu shekaru aru-aru, kuma alƙali zai ji ta ne da kunnen fiƙihu. Nazarin wannan fassara, a jera ta da nassin Turanci da kalmomin Larabci da suke bayanta, aiki ne na masanin harshe.

4.0 Ƙirƙiro Jihohi da Mulkin Soja

Juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966 ya rufe majalisun Kaduna. Daga nan gwamnatin tarayya ta koma yin doka da dikiri, gwamnonin soja kuma da idik. A ranar 27 ga Mayu, 1967 aka raba Jihar Arewa gida shida: Arewa maso Yamma, Arewa ta Tsakiya, Kano, Arewa maso Gabas, Binuwai-Filato, da Kwara. Kowace ta gaji dokokin tsohuwar jiha, ta shiga yi musu gyara ita kaɗai. Aka sake rabawa a 1976 da 1987 da 1991 da 1996, har ƙasar ta kai jihohi 36.

Sakamakon wannan ga mai bincike shi ne, doka tana da salsala kamar yadda malami yake da ita. Wanda yake neman asalin wani sashe a Zamfara, wadda aka ƙirƙiro a 1996, sai ya koma Jihar Sakkwato ta 1976, daga nan Arewa maso Yamma ta 1967, daga nan Jihar Arewa. Na Gombe zai bi ta Bauchi da Arewa maso Gabas. Na Nasarawa zai bi ta Filato da Binuwai-Filato. Na Jigawa hanyarsa ta fi gajarta, domin daga Kano sai Kaduna. A kowane zango akwai yiwuwar an yi gyara, kuma gyaran da uwar jiha ta yi bayan rabuwa bai hau kan 'yarta ba. Igiyar da ta ɗaure waɗannan zanguna ita ce tanadin tsarin mulki game da dokokin da aka tarar suna aiki, sashe na 274 a tsarin 1979, na 315 a tsarin 1999. Haka abin yake a Kudu, inda jihohin Yamma suka gaji kundin 1959, na Gabas suka gaji na 1963.

Wasu jihohi sun tattara dokokinsu a sabon kundi, kamar yadda Kano da Kaduna suka yi a 1991. Irin wannan kundi yana da amfani, amma yana da haɗari biyu. Na farko, masu tattarawa sukan sake lambobin babi da na sassa, su shigar da gyare-gyare cikin nassi, har sawun gyaran ya ɓace. Na biyu, kundin yana tsayawa ne a ranar da aka rufe shi. Duk abin da ya biyo baya sai a gazet.

Babban giɓin wannan zamani shi ne rashin muhawara. A cikin shekaru 33 da ke tsakanin 1966 da 1999, majalisun jihohi sun zauna ne daga Oktoban 1979 zuwa Disamban 1983, da kuma daga Janairun 1992 zuwa Nuwamban 1993, wato kimanin shekara shida. Manyan sauye-sauye irin su maye gurbin kotunan gargajiya da kotunan yanki a 1967 da 1968, da gyaran ƙananan hukumomi na 1976, da dokar mallakar filaye ta 1978, duk ba su ratsa ta majalisa ba. Tarihinsu yana cikin takardun majalisar zartarwa, da fayilolin ma'aikatun shari'a, da rahotannin kwamitoci, da jawaban gwamnoni, da jaridu irin su New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo. Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda aka kafa a 1970 a tsohon gidan Sardauna, da hukumomin tarihi na jihohi kamar na Kano da Sakkwato, suna daga cikin wuraren da ake nema. Akwai kuma tsofaffin ma'aikata, akawuna da tafintoci da masu tsara daftari, waɗanda abin da ke kansu ba ya cikin kowane fayil. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an same ta kafin ta ƙare.

5.0 Ƙudurin da ke Gaban Majalisa

Tsarin mulkin 1999 ya mayar wa majalisun jihohi ikon yin doka a sashe na 4. Ƙuduri yakan fito daga ɓangaren zartarwa ko daga wani ɗan majalisa. Ana yi masa karatu na farko, wanda gabatarwa ce kawai; sai karatu na biyu, inda ake muhawara a kan manufarsa; sai a miƙa shi ga kwamiti, wanda yakan kira zaman jin ra'ayin jama'a; sai majalisa ta bi rahoton kwamitin sashe-sashe; sai karatu na uku. Daga nan Akawun Majalisa ya shirya tsabtataccen kwafi a kai wa gwamna. Sashe na 100 ya ba gwamna kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Idan ya ƙi, majalisa tana iya zartarwa da rinjayen kashi biyu cikin uku. Ƙudurin da bai kammala wannan tafiya ba har wa'adin majalisa na shekara huɗu ya cika, a bisa al'ada sai an sake gabatar da shi.

Kowane mataki yana barin takarda: jadawalin zama, da taƙaitaccen rahoton zama, da hansad, da rahoton kwamiti, da takardun da ƙungiyoyi suka miƙa. Mai bincike ya kamata ya bambanta ranaku huɗu: ranar da majalisa ta zartar, ranar da gwamna ya sa hannu, ranar da doka ta fara aiki, da ranar da aka buga ta a gazet. Alal misali, an yi bikin ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau ranar 27 ga Oktoba, 1999, amma kundin laifuffuka na shari'a na Zamfara ya fara aiki ne ranar 27 ga Janairu, 2000. Jihohi 12 ne suka bi wannan hanya, amma ba da salo ɗaya ba. Yawancinsu sun yi sabon kundi, Jihar Neja kuwa gyara ta yi wa tsohon Final Kod ta ƙara masa sashe na 68A. Sai da Philip Ostien na Jami'ar Jos da abokan aikinsa suka bi jihohin ɗaya bayan ɗaya suna tattara dokoki da daftarori da rahotannin kwamitoci, aka buga su a Ibadan a 2007, kafin masu nazari su sami damar jera su wuri guda. Jihar Kaduna kuma ta sake sabon Final Kod nata a 2017, don haka babi na 89 na 1963 ya daina zama nassi guda ga Arewa duka.

Kada a ɗauka bin waɗannan matakai sha'awar malamai ce kawai. A watan Mayun 2019 majalisar Kano ta zartar da dokar da ta ƙirƙiro masarautun Bichi da Gaya da Ƙaraye da Rano. A watan Nuwamba na shekarar Babbar Kotun jihar ta soke dokar, bisa hujjar cewa ba a bi ƙa'idar gabatar da ita a majalisa ba. Aka sake zartar da wata a Disamba, wadda ita ma wata majalisar ta shafe a watan Mayun 2024. Abin lura a nan shi ne, hukuncin Nuwamban 2019 ya rataya ne a kan yadda ƙudurin ya shiga zauren majalisa. A Ingila ma, inda aka daɗe ana hana alƙalai duba muhawarar majalisa, kotun ƙoli ta wancan lokaci ta sassauta wannan ƙa'ida a 1992 a shari'ar Pepper da Hart, ta yarda a duba hansad idan nassin doka yana da harshen damo.

6.0 Tarkon Kalmomi

Mai binciken da yake aiki da majiyoyin Hausa yana fuskantar tarko a kalmomi huɗu.

Ta farko ita ce "doka". Turanci ya ba kowane iri sunansa: shelar zamanin Lugard, da odinans na zamanin Gwamna, da wadda majalisar jiha ta yi, da wadda majalisar tarayya ta yi, da dikiri, da idik, da ta En'e ko ƙaramar hukuma. Sunan kaɗai yana gaya wa mai karatu wanda ya yi dokar da zamanin da aka yi ta. Hausa kuwa duk "doka" take ce musu, wani lokaci "oda". Wanda ya ga "an kafa doka" a jarida sai ya tambayi kansa: wa ya kafa?

Ta biyu ita ce "ƙuduri". Kafofin watsa labarai na Hausa suna amfani da ita ga daftarin doka, da batun da ɗan majalisa ya gabatar domin a tattauna, da kuma matsayar da majalisa ta cimma. Na farko ne kaɗai yake zama doka. A watan Agustan 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da batu a Majalisar Wakilai ta Kaduna yana neman a yi wa mulkin En'e garambawul, aka amince da shi da ƙaramin rinjaye. Wannan batu ne. Dokar En'e ba ta zo ba sai 1954, bayan bincike da tarurruka. Wanda ya haɗa biyun ya haɗiye shekara huɗu na tarihi.

Ta uku ita ce "jiha". Kafin 1967 tana nufin ɗaya daga cikin manyan yankunan ƙasar, kamar Jihar Arewa, wadda aka kasa larduna. Bayan 1967 ta koma nufin sababbin jihohi. "Dokar jiha" a rubutun 1962 da "dokar jiha" a rubutun 1982 abubuwa biyu ne. Ta huɗu ita ce "shari'a", wadda take nufin dokokin Musulunci, take kuma nufin zaman kotu ko da na majistare ne.

An yi ƙoƙarin daidaita irin waɗannan kalmomi. Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ta tattara kalmomin aro da na fannoni. Tsarin mulkin 1979, a sashe na 51, ya ambaci Hausa da Ibo da Yarabanci a matsayin harsunan Majalisar Ƙasa idan an yi tanadin da ya dace, sashe na 91 kuma ya ba majalisar jiha damar ƙara wani harshe na jihar a kan Turanci. Tsarin 1999 ya maimaita su a sashe na 55 da na 97. Domin share fagen wannan ne Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Ƙasa ta fitar da ƙamus na kalmomin majalisa cikin harsuna huɗu a 1991. Jihar Legas ta yi dokar kare Yarabanci da bunƙasa shi a 2018. Sai dai ƙamus ba ya aiki da kansa. Muddin nassin doka na Turanci ne, muhawara kuma tana gudana da harshen gida, matsalar tafintan Kaduna ta 1950 tana nan: ana faɗa da wani harshe, ana rubutawa da wani.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa kowane zamani ya bar irin nasa sawu: zamanin shela da odinans ya bar wasiƙu da rahotanni, zamanin majalisun Kaduna ya bar hansad, zamanin soja ya bar gazet da fayil, zamanin majalisun jihohi kuma yana barin takardun da suke warwatse a manyan biranen jihohi. Ta kuma nuna, ta hanyar Final Kod, cewa doka guda tana iya ratsa ƙasashe uku da harsuna uku kafin ta iso gaban alƙali.

Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce ba za a hukunta mutum ba sai da laifin da rubutacciyar doka ta bayyana, ya kuma ce a sanar da wanda ake tuhuma laifinsa da harshen da yake ji. Tsakanin rubutacciyar dokar da harshen da mutum yake ji akwai fassara, kuma a kan wannan fassara ake ɗaure mutane, ake sakinsu. Saboda haka akwai ayyuka uku da suke jiran sassan harsunan Nijeriya na jami'o'inmu. Na farko, a nemo fassarorin dokoki na Hausa na zamanin Jihar Arewa a sake buga su tare da nassin Turanci da sharhi. Na biyu, a jera hansad na Kaduna da rahotannin Gaskiya Ta Fi Kwabo na ranaku ɗaya, a ga abin da fassara ta ci. Na uku, a haɗa kai da majalisun jihohi domin a riƙa adana jawabai da harshen da aka yi su, a kuma tsayar da kalma guda ga daftarin doka, wata ga batu, wata ga matsaya. Masana Yarabanci da Ibo da Kanuri da Fulfulde da Tibi suna da irin wannan aiki a jihohinsu. Takarda tana ruɓewa, gara tana ci, tsofaffin akawuna da tafintoci kuma suna ƙarewa, don haka tattarawar ita ya kamata a fara da ita.